Tsibirin Maldibs Ko Dam Ɗin Kazaure: Ina Ango Da Amarya Za Su Je Hutu?

Daga Wakilinmu, a Kazaure

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san yadda abin yake. Da zarar yaro da yarinya sun haɗa ido, kiɗa ya tashi, sai kawai ka ga an bar cunkoson Bombay an faɗa wani wuri mai farin rairayi, ga bishiyoyin kwakwa sun rusuna, ga ruwa shuɗi shar kamar an zuba masa bula. Minti biyar ake yi a gama waƙar, amma hoton ya zauna a zuciyar ɗan kallo ke nan. Saurayin da ke zaune a Kazaure, ko Babura, ko Roni, ko Gwiwa, tsakaninsa da teku mafi kusa akwai tafiyar sama da kilomita 1,000 a mota, amma ka tambaye shi inda zai kai amaryarsa in Allah ya hore masa, ba zai yi dogon tunani ba, zai ce maka tsibiri.

A da, maganar ba ta wuce hirar majalisa. Yanzu kuwa da waya ta shiga hannun kowa, 'yan mata suna ganin hotunan jarumai a Instagram, wannan tana bakin teku, wancan yana cikin jirgin ruwa, har ta kai wasu samarin da ke ɗan juya kuɗi sun fara lissafin abin da gaske. To tunda an zo nan, gara a yi maganar a fili, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da kyamara ta nuna maka daban, abin da za ka tarar daban.

TEKUN 'YAN FIM ƊINMU

Mu fara da namu na gida. Tun daga lokacin da rawa da waƙa suka zama gishirin fim ɗin Hausa, musamman bayan kasuwar da 'Sangaya' da 'Wasila' suka yi a wajajen 2000, furodusoshi suka shiga neman wurin da zai yi kama da na Indiya. Da yake ba mu da teku, sai aka koma wa dam. Tiga, wanda gwamnatin Audu Baƙo ta gina aka kammala a 1974, shi ne ya zama tekun 'yan fim. Ga faɗin ruwa, ga duwatsu, ga otal ɗin Rock Castle a kan tudu. Mai ɗaukar hoto in ya iya aikinsa, zai kafa kyamara ta inda ba a hango ɗaya gaɓar, ya jira masunci ya wuce, a kora shanun da suka zo shan ruwa, a roƙi masu wanki su ɗan matsa. In fim ya fito, wallahi sai ka rantse a ƙasar waje aka yi shi.

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai ke wannan dabara. Fim ɗin 'Mujhse Shaadi Karogi' na 2004, wanda Salman Khan da Akshay Kumar da Priyanka Chopra suka fito, a labari an ce a Goa ake, amma yawancin aikin a tsibirin Morishas aka yi shi. Tsibirin da Hrithik Roshan da Ameesha Patel suka maƙale a 'Kaho Naa Pyaar Hai' na 2000 kuwa, ba a Indiya yake ba sam, a yankin Krabi na ƙasar Tailan yake.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Turawa. A 2000 aka saki fim ɗin 'The Beach' na Leonardo DiCaprio, wanda aka ɗauka a Maya Bay, shi ma a Tailan. Ashe wurin da kansa bai yi wa masu fim ɗin kyan da suke so ba, sai da suka baje tudun rairayi suka daddasa bishiyoyin kwakwa, abin da ya jawo shari'a ta shekara da shekaru. Bayan fim ya fito, 'yan kallo suka yi ta tururuwa, dubbai a kullum, kowa yana neman wurin nan shiru da ya gani a fim, har jiragen ruwa suka lalata halittun ƙarƙashin tekun. A 2018 hukuma ta rufe wurin ɗungurungum, ba a sake buɗe shi ba sai a Janairun 2022, shi ma da sharaɗin ba a iyo. Ka ga wanda ya tara kuɗinsa don ya je ya yi wankan DiCaprio ya yi wa rogo kallon kitse.

MALDIBS: KOWANE OTAL DA TSIBIRINSA

Idan ana maganar hutun amarci a tsibiri, sunan da ya fi fitowa a bakin 'yan fim, na Indiya da namu, shi ne Maldibs. Ƙasa ce ta ƙananan tsibirai kusan 1,200 a tekun Indiya, babban birninta Male, kuma ƙasar Musulmi ce. Wannan kaɗai kan sa Bahaushe ya saki jiki. Amma a nan ne ya kamata a natsu, domin Maldibs iri biyu ce.

Ta farko ita ce ta hoto: tsibiri guda, otal guda, ɗakuna a kan ruwa, babu gari, babu kasuwa, babu kowa sai baƙi da ma'aikata. A irin waɗannan tsibirai doka ta yarda a sayar da giya, kuma Turawa suna yawo da kayan wanka yadda suka ga dama. In kai mai kishi ne, ko amaryarka mai kunya ce, za ku iya ƙare hutun a ƙunshe cikin ɗaki. Sannan tunda babu wani wurin cin abinci sai na otal ɗin, ko ruwan sha ne sai yadda suka yanka maka. Shi ya sa kafin ka biya, tambayar farko ita ce: kuɗin nan ya haɗa da abinci sau uku, ko karin kumallo ne kawai?

Ta biyu ita ce tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune. Tun daga 2009 aka ba su damar buɗe ƙananan masaukai, kuma tsibirin Maafushi ya yi suna a wannan harka. Can za ka ji kiran salla, ka je masallaci, ka ci kifi da shinkafa a gidan abincin gari, babu giya, kuma an keɓe wa masu kayan wankan Turawa gefensu daban. Kuɗin bai kama ƙafar na farkon ba. A ganina, ga ɗan Arewa da matarsa wannan ta fi dacewa nesa ba kusa ba, sai dai fa ba za ka samu hoton nan na ɗaki a kan ruwa da za ka ɗora a waya ba. Sai ka zaɓa, hutu ka je yi ko hoto.

Akwai kuma abin da 'yan talla ba sa faɗa da ƙarfi. Babban filin jirgin saman ƙasar a tsibiri ɗaya yake kusa da Male, daga nan sai an ɗauke ka a jirgin ruwa mai gudu, ko a ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Wannan ɗaukar kuɗinta daban, kuma ba kaɗan ba ne. Shi jirgin mai sauka a kan ruwa ba ya tashi da dare, saboda haka in ka sauka bayan magariba, kwanan Male ya kama ka, da kuɗin otal na biyu. Ga harajin baƙi da ya koma kashi 17 cikin ɗari a Yulin 2025, ga kashi 10 na hidima, ga harajin muhalli da a manyan otal ya koma dala 12 a kan kowane mutum kowane dare tun Janairun 2025. Farashin da ka gani an rubuta da manyan baƙi, sau da yawa duk waɗannan ba sa ciki.

Lokaci ma abin dubawa ne. Daga Disamba zuwa Afrilu ne ake samun rana da ruwa kwance, kuma lokacin ne tsada. Daga Mayu zuwa wajen Nuwamba damina ce da iska. In ka ga an karya farashi ƙwarai a watan Yuni, to ba don ana ƙaunarka ba ne.

ZANZIBAR: INDA BAHAUSHE BA ZAI JI BAƘUNTA BA

Ni dai da za a bar ni in zaɓar wa mai karatu, Zanzibar zan nuna masa. Tsibiri ne a gaɓar Tanzaniya, a nan Afirka, kuma mafi yawan mutanensa Musulmi ne. Mata da hijabi, maza da jallabiya da hula, yara suna tafiya makarantar allo da Islamiyya, kai ka ce wata unguwa ce a Kano aka ɗauko aka ajiye a bakin teku. Ko harshensu na Suwahili, in ka kasa kunne za ka tsinci naka a ciki, saboda mu da su duk mun ɗebo daga Larabci: su ce 'habari' mu ce labari, su ce 'dunia' mu ce duniya, su ce 'sabuni' mu ce sabulu.

Kuma Zanzibar ba rairayi ne kawai ba. Akwai tsohon garin Stone Town mai lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Akwai gonakin kanumfari da kirfa, irin kanumfarin da iyayenmu mata ke sakawa a yaji da kunu. Akwai wurin tsohuwar kasuwar bayi, wanda in ka shiga sai jikinka ya yi sanyi. Ga masoya fim kuma, garin yana da bikin baje kolin finafinai na duniya, wato ZIFF, wanda aka fara tun ƙarshen shekarun 1990, har akan haska fim a fili cikin tsohuwar ganuwar garin. Abin da ya kamata furodusoshinmu su riƙa leƙawa ke nan, maimakon a tsaya gasar wa ya fi wa mota.

Sai dai shi ma yana da nasa sirrin da hoto ba ya nunawa. A gabashin tsibirin, wurare irin su Paje da Jambiani, teku yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya da yini, ya yi nisa ƙwarai, ya bar fili fetal inda matan ƙauye ke noman ciyawar ruwa. Wanda bai sani ba zai fito da safe da shirin wanka ya tarar ruwan ya yi ƙaura. Mai son ya ga ruwa a gabansa ko da yaushe, arewacin tsibirin zai nufa, wato Nungwi ko Kendwa, amma can kuma akwai cunkoso da kiɗan dare. Ka ga ke nan ba sunan tsibiri kawai ake tambaya ba, har da ɓangaren da otal ɗin yake. Ruwan sama mai yawa kuwa daga Maris zuwa Mayu yake sauka.

Ta fuskar takardu, ɗan Nijeriya yana cikin waɗanda sai sun nemi bizar Tanzaniya tun suna gida, ba a filin jirgi ba, kuma abin yana ɗaukar lokaci. A tanadi katin rigakafin shawara. Tun daga Oktoban 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta ta dala 44. Abin sauƙin shi ne ba dole sai ka bi ta Legas ba, jirgin Habasha yana tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa, daga can a canza zuwa Zanzibar.

Morishas kuwa, wadda 'yan Indiya suka mayar gidan fim, kusan rabin mutanenta mabiya addinin Hindu ne, akwai Musulmi masu yawa da tsohon masallacin Juma'a a Port Louis, kuma mai son jin ƙamshin Indiya ba tare da ya je Indiya ba zai ji daɗinta. A kiyayi Janairu zuwa Maris, lokacin guguwar teku ne. Tsibiran Seshels kuma, a Yulin 2023 hukumominsu suka taƙaita shigar masu fasfon Nijeriya da ke zuwa yawon buɗe ido, saboda haka kada wani dillali ya karɓi kuɗinka kafin ka tabbatar da halin da ake ciki.

Wanda ba shi da fasfo, Legas ma tana da Tarkwa Bay, inda sai an shiga jirgin ruwa ake zuwa. Amma tekun Atlantika ba tekun Indiya ba ne, igiyarsa tana da ƙarfi, tana jan mutum. Kuma a bincika kafin a tashi, domin Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari tuni aka cike shi aka gina Eko Atlantic, shi ma Landmark Beach an rushe wani sashensa a Afrilun 2024 saboda aikin titin gaɓar teku.

Duk wannan lissafi da dala ake yin sa. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Saurayin da ya gama haɗa lefe, ya biya sadaki, ya kama hayar gida, in ya ce sai ya ƙara da tsibiri, to a bincika, ko dai gado ya ci ko bashi ya ci. Ba ƙaramin abin takaici ba ne amarya ta dawo da hotuna ɗari uku a waya, ta tarar babu buhun shinkafa a ɗaki.

TO, NAMU NA KAZAURE FA?

Mutumin Babura zai ce maka rairayi dai Allah ya ba su, ruwan ne ya yi gardama. Kazaure kuwa ba ta da wannan kuka. Ga dam ɗin Muhammadu Ayuba a jikin gari, ga tafkin Wawan Rafi wanda ake lissafawa cikin wuraren buɗe ido na Jihar Jigawa, ga tuddai da duwatsu da suka miƙa har ƙasar Roni. Ruwa da dutse a wuri ɗaya, ai shi ne abin da ya kai 'yan fim Tiga. Daga Kano kuma hanyar Daura ce miƙaƙƙiya ta Ɗambatta, mutum zai iya karyawa a gida ya yi azahar a bakin ruwa. Ga masu zuwa ma a shirye: ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu suna nan cikin gari, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021.

Abin da ya raba dam da wurin shaƙatawa ba kyan ruwa ba ne. Su mutanen tsibiri abin da suke sayarwa shi ne inuwa, da wurin zama mai tsafta, da banɗaki, da abinci, da mai tsaro, da mai ceto a bakin ruwa, da natsuwar cewa babu wanda zai zo ya tsaya a kanka yana kallon matarka. Babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin attajiran masarautar Kazaure. Matsalarmu ita ce riƙo. Otal ɗin Bagauda da ya yi tashe a zamaninsa, yau Makarantar Horon Lauyoyi ce a wurin. Ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa, can yankin Tiga, a 2016, surutu ya kashe shi tun ba a aza tubali ba. Duk wanda zai zuba kuɗi a bakin ruwa a ƙasar Hausa, sai ya fara shawo kan malamai da iyaye cewa wurin iyali zai gina, ba matattarar sheƙe aya ba. Tsarin Maafushi da na ambata a baya, inda aka haɗa baƙi da kiran salla a tsibiri ɗaya, ya nuna abin mai yiwuwa ne.

Kafin a kai ga haka, masu zuwa bakin dam da Salla ko ranar hutu su riƙe abu biyu. Na farko, tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwa mai kwanciya irin na dam da tafki da kududdufi, kuma ba sai ka sha ba, ta fata take shiga. Bayan makonni mutum ya fara fitsarin jini. A ƙauyukanmu har yanzu akwai masu ɗaukar wannan alamar balaga ce ga yaro, alhali cuta ce da in ta daɗe take taɓa mafitsara da ƙoda. Ba ta rayuwa a ruwan gishiri, shi ya sa mai wanka a Zanzibar bakin teku ba ya fargabarta, amma jarumar da darakta ya ce ta tsoma ƙafa a dam tana watsa ruwa don waƙa ta yi kyau, ita ce a bakin haɗari. Akwai maganinta a asibiti, praziquantel, sai dai zama a gaɓa ya fi sauƙi.

Na biyu, kwale-kwale. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai a Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Lodi ne ya yi yawa. Allah ya jiƙansu. A tsibiran da muka lissafa, kamfanin kirki ba zai ɗauke ka ba sai ya miƙo maka rigar kariya. A nan kuwa saurayi zai biya mai kwale-kwale ya zaga da shi da budurwa tsakiyar ruwa don a ɗauki hoto a tsaye, shi bai iya iyo ba, ita ba ta iya ba. In babu riga, ko ka ga an fara cusa mutane fiye da kima, sauka ka ba wani wuri.

Shi ma dam yana da lokacinsa kamar tsibiri. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ruwa ya ja baya, rana tana dukan dutse, babu abin da za ka samu sai gumi. Da tsakiyar hunturu hazo yake rufe komai, hoto ya fito fari fat. Lokacin da ya fi shi ne da kaka, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: dam ya cika, ciyawa ba ta gama bushewa a kan duwatsun Roni ba, sabon gero ya shigo, fura ta yi araha. A tafi da tabarma da kular abinci bayan la'asar, a sayi soyayyen kifi a wurin masu suya, a taso kafin magariba saboda sauro.